Canjin bambar Peugeot 504 da kuɗi kaɗan, abin da na gani a wani shago a Panteka

Wannan rubutun na masu tsohuwar Peugeot 504 ne, musamman waɗanda motarsu ke yawo da bambar da ba tata ba, suna son a mayar mata da ta asali amma kuɗin hannu ba yawa. Kwanan nan na yi aikin a Kaduna, na sayi bamba gaba da baya a wani shagon kayan Fijo na hannu a Panteka, aka gyara su aka ɗaura min a wurin wani fanal bita da mai shagon ya haɗa ni da shi. Tun daga farko bari in faɗa, na gamsu, kuma zan iya tura ɗan uwana wurin ba tare da fargaba ba, amma akwai abubuwan da ba su yi min daɗi ba kuma zan faɗe su yadda suke don wanda zai je ya je da shirinsa.

Motar salun ce, 504 SR haɗin Kaduna, ta mahaifinmu ce Allah ya jiƙansa da rahama. Inji lafiya lau, giya lafiya, kujeru ma na sa an yi musu sabon rufi, abu ɗaya da ke ɓata mata fuska shi ne bamba. Tun da daɗewa aka taɓa buge ta ta gaba, maimakon a nemo irin tata sai aka kai wa mai walda ya lanƙwasa wani ƙaton bututun ƙarfe ya shafa masa baƙin fenti ya liƙa shi kai tsaye a jikin shasi, irin dai yadda ake yi wa motocin haya. Ta baya kuma daga wata mota daban aka ciro, aka yanke gefe da gefe aka ɗaure da waya ta ciki. Duk wanda ya san 504 yana kallonta zai ga wani abu bai zauna ba ko da bai gane menene ba.

Kafin in shiga maganar shagon, akwai dalilin da ya sa nake ganin mai 504 a ƙasar nan bai kamata ya fara da tunanin odar kaya daga waje ba. A 1968 motar ta fito a Faransa, a 1969 aka ba ta kyautar motar shekara ta Turai, mu kuma a nan masana'antar PAN, wato kamfanin haɗa Fijo na Najeriya, da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1975. Faransa ta daina yin salun ɗin a 1983 amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, kenan mu ne muka fi kowa daɗewa da ita. Ita ce motar ofis, ita ce motar manyan ma'aikata, wagon ɗinta ita ce motar tasha, wanda ya taɓa shiga mota a Kawo zuwa Zariya ko Kano a wancan lokacin ya san abin da nake faɗa, ga akori-kura da ke kwasar buhunan hatsi a kasuwannin ƙauye. Duk waɗannan motocin da suka mutu kayansu ba sama suka tashi ba, suna nan jibge a Panteka da Ƙofar Ruwa a Kano da Ladipo a Legas. Matsalar kawai ita ce 'yan gwangwan suna ta saye suna kaiwa a narkar, kullum kayan raguwa suke yi, don haka mai niyya gara ya motsa.

Na duba hanya uku. Ta farko sabuwar bamba ta sitenles, wato farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, da wasu kamfanoni a Biyetnam ke ƙerawa don tsofaffin motoci, ana ganinsu a intanet, hotunansu gwanin kyau wallahi, sai dai da dala ake biya, ga kuɗin jirgi ga kwastan, kuma tun da aka saki naira a 2023 duk abin da aka ce dala sai ka yi lissafi ka sake yi. Da na haɗa sai na ga kuɗin zai iya yi min fentin motar gaba ɗaya, na ajiye wannan. Ta biyu sabuwar bamba ta kwaikwayo da aka nuna min a wani shago tana cikin leda tana ta ƙyalli. Ta uku tsohuwar ta asali da aka ciro daga wata 504, da lotsewarta da dattinta. Idona ta biyun ya so, amma ta ukun na saya, kuma mai shagon nan ne ya nuna min dalili da hannunsa.

Dattijo ne, ya ce tun yana saurayi kayan Fijo kawai yake sayarwa, 404 da 504 da 505, ba ya taɓa na Japan. Shagon ba wani tsari, ƙofofi a jingine, gilasai a sama, fitilun gaba a cikin buhu, bambobi kuma an jera su a bayan shago a kan rufin wata mushen wagon, rana da ruwan sama duk a kansu suke ƙarewa. Na gaishe shi na ce Baba bambar salun nake nema gaba da baya, kuma na ga wata sabuwa a can gaba farashinta bai fi na tsohuwa da yawa ba. Bai yi min musu ba, ya aiki yaronsa ya aro irin sabuwar daga maƙwabcinsa, ya sauko da tsohuwa guda, ya kife su biyun a ƙasa ya ce ɗana kar ka kalli fuska, kalli baya. Bayan sabuwar, wadda ko mota ba ta taɓa hawa ba, har ya fara yin ja-ja na tsatsa a wurin ramukan noti, kuma da ya danna tsakiyarta da babban yatsa sai ta ɗan shiga ta dawo. Bayan tsohuwar laka ce da baƙin mai, ya sa tsumma da ɗan kalanzir ya goge wuri ɗaya, sai ga ƙarfe fari tas ba ɗigon tsatsa.

Bayanin shi ne bambar asali ta 504 sitenles ce, ƙarfen kansa ne mai hasken tun daga waje har ciki, ba shafe ba ne. Ita kuwa ta kwaikwayo ƙarfe ne na yau da kullum aka yi masa siririn rufin kurom, da zarar dutse ya tsaga rufin ko ruwa ya shiga ta baya sai tsatsa ta bi ta ƙarƙashi tana ɗaga shi yana ɓarewa, kuma in ta lotse ba a iya buga ta a goge, kurom ɗin zai fashe, sai dai a sake yi mata rufi, wanda ba aikin da za ka samu a kowane lungu ba ne. Sitenles kuwa a buga a miƙe a goge ta dawo. Wasu za su ce maka ka tafi da maganaɗisu, wai in bai kama ba sitenles ce in ya kama ƙarfe ne. Kar ka dogara da wannan shi kaɗai, akwai nau'in sitenles da maganaɗisu ke kamawa. Abin da ya fi tabbas shi ne ka goge bayanta ka duba, ka kuma duba bakin ramukan noti da wurin da ta taɓa karcewa, in karcen fari ne har ciki ba ja ba ɓawo to ita ce.

Nan na fara yarda da mutumin. Da ya so zai iya karɓo sabuwar daga maƙwabcinsa ya ɗora ribarsa ya miƙo min in tafi ina murna.

Sai maganar da ta fi komai muhimmanci, wadda yawancin masu saye ke mantawa da ita, ƙafafun bamba, wato ƙarafan nan da ke riƙe ta a jikin mota. Su ba sitenles ba ne, baƙin ƙarfe ne, su ne ke tsatsa su ne ke lanƙwashewa in an yi karo, kuma masu ɓare mota sau da yawa ba sa tsayawa kwance su, da wuta suke yanke su su wuce. In ka sayi bamba tsirara ba ƙafafu ka faɗa hannun mai walda, zai ƙera maka da ido, kuma da wuya ta zauna daidai, ko ta yi gaba da yawa ko ta karkace ko ta riƙa kaɗawa a hanya. Baba ya ce ta gaban da ya sauko da ita ƙafarta ɗaya ce, ya shiga cikin shago ya daɗe yana tonon wani tsohon daro cike da ƙarafa har ya fito da ta ɗaya gefen, ya gwada ramukan suka hau. Ta bayan da ƙafafunta biyu ta zo, ɗaya ta ɗan murɗe. Kuma a kula, bayan salun daban bayan wagon daban na akori-kura daban, kar wani ya ce maka ai duk Fijo ce za ta hau. Ni da motar na je, aka ɗaga bambar aka kara a jikinta muka ga yadda kusurwoyin suka bi gefen bodi kafin a fara maganar kuɗi, kuma ina ba kowa shawara ya yi haka, in motar ba ta tashi to ka auno faɗinta da tazarar wurin ɗaurin da tef ka ɗauko hoto a waya.

Ciniki kam an yi shi. Ya fara da dubu 120 duka biyun, na ce Baba a duba min, ta gaban tana da lotsewa uku ta bayan kusurwarta ta karye ciki, robobin ma sun mutu. Ya ce ɗana irin wannan in ta tafi ba ta dawowa, ba a ƙera ta kuma. Muka yi ta ja cikin mutunci har muka tsaya a dubu 85 da ƙafafun. Na san wani zai ce ya samu ƙasa da haka, wani kuma za a ce masa fiye, ya danganta da lafiyar kayan da kuma wanda ya raka ka. Abin da zan ce kawai kar ka bari 'yan kamasho na bakin hanya su ja ka, da ka tsaya da tsohuwar mota za su kewaye ka kowa na cewa Alhaji me ake nema, duk wanda ya kai ka shago akwai kasonsa a cikin kuɗin da za ka biya. Ka tambayi bakanikenka inda masu kayan Fijo suke ka tafi kai tsaye.

Fanal bitan da ya haɗa ni da shi ba nisa, mutum ne mai matsakaicin shekaru da yara uku a ƙarƙashinsa. Abu na farko da ya yi ya burge ni, kafin a kunna giranda ya sa aka cire kan batir, da aka zo baya kuma ya sa aka jiƙa buhu aka rufe wajen tankin mai saboda tartsatsi, tunda tankin salun a can baya yake. Ƙaramin abu ne amma sau nawa muke ganin ana walda a gindin tanki ba ruwan kowa. Yanke bututun gaban ya ɗauki lokaci don wanda ya liƙa shi bai yi rowar walda ba, kuma Oga, wato shi fanal bitan, bai yarda a yanka kusa da shasi ba, ya bar ɗan saura sannan ya bi shi a hankali yana ci da giranda har ya iso asalin ƙarfen. Da bututun ya faɗo ƙasa yara biyu ne suka ɗauke shi, nauyinsa ya ba ni mamaki, shekara da shekaru gaban motar na ɗauke da wannan.

A nan ne aka ga abin da bututun ya ɓoye. Bakin shasi na gefen direba ya tsage kuma tsatsa ta ci wurin da ramin noti yake. Oga ya kira ni ya nuna min ya ce Alhaji in na ɗaura a haka za ta zauna yau amma ba za ta kai damina ba, sai an yanke nan an sa faci. Ya faɗi ƙarin kuɗin kafin ya taɓa, ban ji an yi min dabara ba don da idona na ga tsagar, har ya sa sukudireba ya tura ta shige. Masu son bambar bututu suna cewa ta fi ƙarfi, gaskiya ne ita ba ta lotsewa, amma dukan da ba ta sha ba shasi ne ke shan shi, bamba da ƙafafunta an yi su ne su lanƙwashe su karɓi ƙaramin karo a madadin jikin mota. Canza ƙafar bamba abu ne mai sauƙi, miƙe shasi kuwa wani babban aiki ne.

Yanzu aikin da na fi jin daɗin kallo, fitar da lotsewar. Na ɗauka wuta zai sa, ya ce a'a, in ka sa wa sitenles wutar gas sai ta canza launi ta yi shuɗi-shuɗi da ruwan ɗorawa kuma ta iya murɗewa, cire wannan launin wani aiki ne daban. Ya kife bambar a kan buhun yashi, ya ɗauko wani guntun katako mai tauri da ya fere bakinsa ya yi zagaye, ya ɗora a bayan lotsewar yana bugun katakon da ƙaramar guduma, ba a tsakiya ya fara ba, daga gefe yake zagayowa yana matsowa ciki, bugu kaɗan sai ya juyo ta ya shafa da tafin hannu idonsa a rufe, ya sake kifewa. Babbar lotsewar da ke kusa da wurin lamba sai da ta ɗauke shi kusan awa guda. Da ta taso sai ya shafa baƙar tawadar alƙalamin maka a wurin, ya bi da fayil mai laushi sau biyu uku, inda baƙin ya rage nan ne bai gama tasowa ba, ya koma ya ɗan ƙara bugu. Bayan nan samfefa, ya fara da mai kaushi lamba 240, ya koma 400, 800, har 1200 da ruwa, kowace lamba sai ta share karcen wadda ta gabace ta kafin ya wuce, a ƙarshe aka sa faifan tsumma a inji da sabulun goge ƙarfe. Wallahi da aka gama aka jingine ta a bango masu wucewa tsayawa suke yi, wani direba har ya tambaya ko sabuwa ce daga kamfani.

Ƙafafun an kankare su da burushin waya, aka matse wadda ta murɗe a bais, wato ƙarfen riƙe aiki, aka miƙe ta, aka shafa jan fentin hana tsatsa sannan baƙi. Wannan ni na nema, da ban yi magana ba da haka za a ɗaura su, don haka ka yi magana. Wajen ɗauri kuma ga abin da na koya a wurinsa, bai ɗaure noti ko ɗaya tamau ba sai da duka suka shiga, ya sa aka tura motar wuri mai shimfiɗe, ya auna daga ƙasa zuwa bamba hagu da dama, ya auna tazarar da ke tsakaninta da bodi, ya ja baya ya tsuguna ya hango ta daga nesa, ya ce a ɗaga dama kaɗan, sannan aka bi da sifana 13 da 17 aka ɗaure. Ya shafa giris a zaren kowane noti, ya ce saboda ranar da za a so kwancewa.

To ga inda ban ji daɗi ba. Na ɗaya, notuna. Bambar asali tana da kusoshinta masu zagayen kai mai santsi da ke zama a fuskarta, Baba bai ba ni ko ɗaya ba kuma bai ce min babu ba, sai da aka zo ɗauri aka ga wayam. Yaron shago ya so ya sa noti mai kai shida na gini, na ce a'a, don zai ɓata duk gogen da aka sha wahala a kai, kuma baƙin noti a kan farar bamba damina ɗaya zai fara zubo da jan ruwa. Sai da aka koma cikin kasuwa aka yi ta nema aka haɗo, wasu na asali wasu makamantansu, kuma kuɗinsu daban na biya. Da an faɗa min tun wurin ciniki da na sa su a cikin lissafi.

Na biyu robobin bamba. Waɗanda suka zo da ita rana ta gama da su, sun bushe sun tsattsage, ɗaya ana taɓawa ta ɓalle. Baba ya ce zai nemo min, har yanzu shiru, na kira ya ce ana dubawa. Ban zarge shi da ƙarya ba don na san roba ba ta daɗewa kamar ƙarfe kuma samun mai lafiya da wuya, amma da ya ce min babu kawai da ya fi min.

Na uku shi ne ya fi ɓata min rai. Wajen kwance tsohuwar bambar baya wani tsohon noti da ke wurin ɗaurin ya ƙi motsi, sai ɗaya daga cikin yaran ya ɗebo man birki ya zuba a kai don ya jiƙa tsatsar, dabara ce da bakanikai suka saba da ita, amma man birki yana cin fenti, ya gangaro ta ƙasan but ya bar tabo kamar faɗin yatsa biyu kafin a lura a wanke. Oga ya yi wa yaron faɗa ya ba ni haƙuri ya kuma taɓa wurin da fenti kyauta, sai dai launin bai hau ɗari bisa ɗari ba, in ka tsuguna za ka gani. In za ka je ka sayi gwangwanin WD-40, man feshin nan na sassauta tsatsa, ka tafi da shi, ma fi kyau ka fesa wa notunan tun daren jiya.

Sai lokaci. An ce min in na kawo da safe zan ɗauka da la'asar, bai yiwu ba, wani ɓangare saboda facin shasin da ba a san da shi ba, wani ɓangare kuma wuta ce aka ɗauke sai da janareta, kuma kuɗin man a kaina ya faɗo. Motar ta kwana a wurin. Ba abin da ya ɓata a ciki alhamdulillah, amma kar ka je da tunanin za ka yi sauri ka wuce wani uzuri. Rasit kuma babu, daga shagon har wurin fanal bita magana ce ta baki, Baba ya ce in ba ta hau ba in dawo da ita ya canza min, na kuma yarda zai cika, amma wanda ya zo daga wani gari ya sani ba takardar da zai riƙe.

Game da sakamakon, ta gaba ba ni da abin cewa, ta fito fiye da yadda na zata. Ta baya kusurwar da ta karye ciki ba ta ɓace gaba ɗaya ba, Oga ya faɗa min tun kafin ya fara cewa inda ƙarfe ya naɗe ya yi kaifi ba ya komawa kamar da, in aka matsa da fayil sai wurin ya yi siriri ya huje, gara a bar ɗan alama. In rana ta haska ta gefe ana ganin ɗan layi, daga nesa ba a gani. Na fi son wannan gaskiyar da a cika min wurin da foti a fesa fentin silba a ce an gyara.

Lissafin gaba ɗaya, dubu 85 na bambobi, aikin hannu da gogewa da facin shasi dubu 40, notuna da fenti da samfefa da man janareta suka ci wajen dubu 15, kenan dubu 140 ne suka fita. Tsohon bututun da bambar bayan da aka cire na sayar wa masu gwangwan a nan take a kan kilo, ɗan abin da aka ba ni na ƙara na sallami yaran shago. In aljihunka bai kai haka ba akwai inda za ka rage, gogewar nan ba sai fanal bita ba, in dai an miƙe maka lotsewar za ka iya zama a gida da samfefa da bokitin ruwa ka yi abinka a hankali, hannu ne kawai zai gaji. Za ka kuma iya fara yin ta gaba ka bar ta baya sai wani watan. Inda ban ba da shawarar a rage ba shi ne ƙafafu da gyaran wurin ɗauri.

Wanda wurin nan bai dace da shi ba shi ne mai son komai sabo fil ba alamar taɓawa, irin mai shirya mota don nuni, shi kam ya yi odar ta waje ya biya dalarsa. Haka wanda ba zai iya tsayawa a kan aikinsa ba, don duk kyan hannun Oga yaransa sai da ido. Amma mai 504 da yake hawanta, yake son ta koma kamanninta na ranar da ta fito daga Kakuri da kuɗi daidai misali, wannan hanyar ita ce.

Tun da aka ɗaura na bi hanyar Zariya da ita na kuma shiga unguwanni masu ramuka, ba ƙara ba kaɗawa, kuma sitiyari ya ɗan yi sauƙi tunda aka sauke wancan nauyin daga gaba. Ruwan sama ya dake ta, na duba bayanta da wurin notunan ba ja ko kaɗan. Oga ya ce in dawo bayan ɗan lokaci a sake bin notunan da sifana don sukan ɗan saki in ƙarfe ya zauna, na koma ya bi su bai karɓi ko sisi ba. Robobin ne dai har yanzu nake nema, na sa wani abokina ya duba min a Ƙofar Ruwa, in kuma akwai mai 504 salun da ya ajiye nasa masu lafiya yana son sayarwa ina so.